Geron da Ke Bayan Motar Bappa

A Nassarawa ta Kano, unguwar da Turawa suka tashi suka bar wa manyan ma'aikata da 'yan kwangila, direbobi sun san Malam Zubairu da abu biyu. Na farko, ba ya cin shinkafa, ko da ta biki ce an jera mata kaji a kai. Na biyu, ba ya tayar da mota sai ya zagaya ya buɗe but ya leƙa, ko da shi ya rufe shi da hannunsa yanzu-yanzu. A gindin darbejiyar da suke zaman jiran iyayen gidansu sukan tsokane shi, wai ko amarya ya ɓoye a ciki yake duba ta. Sai ya ɗan yi murmushi ya ci gaba da jan carbinsa. Babu wanda ya taɓa jin dalilin daga bakinsa, har matarsa Indo.

A wani ƙauye na ƙasar Ringim aka haife shi. Ubansa mai jakuna ne, guda huɗu, yana dakon kanwa da gyaɗa daga wannan kasuwa zuwa waccan. Tsohon ba mai yawan magana ba ne, kuma duk karatun da ya yi wa ɗansa bai wuce na ɗora mangala ba. Idan kaya ya karkata dama ko hagu, ko makaho zai ji jakin yana tafiya a kaikaice. Amma idan ya yi gaba da yawa ko ya yi baya da yawa, sai wanda ya sani. Kaya ya hau wuya, jaki zai yi ta tuntuɓe a gangara. Kaya ya koma kan ƙugu, zai zauna maka a tsakiyar hanya ya ƙi tashi. Uban yakan sa shi ya bi jakin a baya, ya ce masa, "Kada ka kalli kayan, kalli ƙafafunsa." Da wannan kaɗai Zubairu ya shigo Kano yana saurayi.

Ya fara da lodin gyaɗa a wurin Alhaji Sanusi, lokacin yana Malam Sanusi mai sayen gyaɗa, da sikelinsa ɗaya da akori-kura ɗaya. Daga lodi ya koyi tuƙi, aka ba shi motar. Shekara tara yana jan ta a hanyoyin da rabinsu yashi ne rabinsu rami, bai taɓa kifewa ba. Sauran direbobi suna cewa laya gare shi. Layar kuwa ita ce ba ya barin 'yan lodi su jera buhu shi yana shan shayi. Yakan hau da kansa ya ce wannan a matso da shi gaba, wancan a mayar da shi saitin ƙafafun baya, har su ƙosa su yi ta zaginsa a ciki.

Da Bappa, ɗan farin Alhaji, ya isa shiga makaranta, sai Alhaji ya sauke Zubairu daga babbar mota ya ba shi ƙaramar gida. Ranar farko Hajiya Fatsuma, uwar yaron, ta sa aka kira shi bakin ƙofar shiga cikin gida. Ba ta fito ba, daga bayan labule ta yi magana. Mace ce mai alkunya irin ta mutanen da. Ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai ta kau da kai wata ta ɗauke shi.

Ta ce, "Malam Zubairu, ga yaron nan. Amana ce na ba ka."

Ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, na karɓa."

Magana ce ta minti ɗaya, amma ita ce ta zama aikinsa na shekara goma sha bakwai. Shi ya kai Bappa firamare, shi ya kai shi makarantar kwana da akwatinsa na ƙarfe, shi ya ɗora shi a cinya ya riƙe masa sitiyari tun ƙafarsa ba ta kai birki. Allah bai ba Zubairu da Indo haihuwa ba, kuma kowa a gidan ya san gurbin da Bappa ya cike. Yaron ba ya ce masa direba, Baba Zubairu yake cewa.

Sai zamanin kuɗin man fetur ya zo. Gyaɗa ta mutu, fari ya cinye rabi, cuta ta ƙarasa sauran, amma Alhaji Sanusi ko a jikinsa. Ya koma kwangilar gine-ginen gwamnati, ya sayi gida a Nassarawa mai filin da za a iya noma buhu goma na dawa a ciki, aka shuka masa ciyawa ana ba ta ruwa safe da yamma. Motoci suka zama biyar. Sito ya cika da shinkafar waje da fulawa da madarar gwangwani har rufi. Zubairu da Indo suka sami ɗaki biyu a baskwata, da fanka da famfo. Tsohon sikelin gyaɗa aka jefa shi bayan gareji, kaji suna kwana a kai.

Aka tura Bappa Ingila ya karanto injiniya. Bayan shekara biyu ya dawo ba takardar shaida, sai akwati guda na mujallun motoci da wata 'yar jar mota mai ƙofa biyu da ta biyo shi ta jirgin ruwa. Alhaji ya yi faɗa na kwana uku ya haƙura. Ita motar ba ta da laifi, 'yar ƙarama ce mai ladabi, Zubairu ya ja ta ya yaba. Bappa ne ya ce ba ta da rai. Ya haɗa kai da wani makanike a Sabon Gari mai suna Inuwa, suka samo injin wata ƙatuwar motar Amurka da ta yi hatsari, mai silinda takwas. Wata biyu suna yanka suna walda har suka cusa shi a gaban 'yar motar. Ranar da aka tayar da ita a gida, tattabarun maƙwabta sai da suka watse, mai gadi Tanko ya zubar da butarsa.

Ranar Lahadi da safe Bappa ya miƙa wa Zubairu makulli. "Baba Zubairu, zo ka ji abin da ake kira mota."

Kafin Zubairu ya shiga sai da ya ja baya ya tsuguna ya kalli ƙafafunta. Gaban ya durƙusa, tayoyin sun shige cikin bodi. Bayan kuwa ya ɗage sama, kana iya zura kai tsakanin taya da bodi. Ya shiga ya tayar da ita. Suka bi hanyar Hotoro, wadda a lokacin da ka wuce gidajen ƙarshe sai gonaki. A miƙaƙƙiyar hanya ya ɗan taɓa totur, tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna ƙara kafin su kama kwalta. Da suka zo kwana ya juya sitiyari, gaban ya ƙi bi, yana neman wucewa kai tsaye saboda nauyi. Ya ƙara juyawa ya ba ta wuta kaɗan, sai bayan ya kwaso ya taho gefe yana neman ya riga gaban. Ya saki totur a hankali, ya bi ta da sitiyari har ta dawo hanya, ya gangara gefe ya kashe. Bappa yana ta dariya yana buga cinya, shi a wurinsa wasa ne.

Zubairu ya ce, "Bappa, motar nan za ta kashe mutum."

"Haba Baba, ƙarfi ne ya yi mata yawa, ba ka saba ba ne."

"Ba ƙarfin ba ne. Ƙarfin a ƙafafun baya yake fita, nauyin kuma duk yana kan na gaba. Ka ɗora wa jaki kaya a wuya, sannan kana dukan ƙugunsa ya yi gudu."

Bappa ya ce ai wannan zancen jakuna ne. Zubairu bai yi musu ba. Da suka koma gida ya kori kaji daga kan tsohon sikelin, ya wanke shi, ya sa masa mai. Ya samo katakai ya jera daidai tsayin sikelin don motar ta tsaya a miƙe, suka riƙa tura ta suna auna taya ɗaya bayan ɗaya, Bappa yana rubutawa a bayan mujalla. Da ya haɗa sai dariyar ta ɗauke. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin motar yana kan ƙafafun gaba. Ya buɗe mujallar ya nuna wani shafi, ya ce su ma Turawan sun rubuta ana son ya kusa zama rabi da rabi. Zubairu ya ce to madalla, ashe Turawan ma sun yi kiwon jaki.

Suka mayar da batir baya, suka mayar da safaya da jak. Aka sake aunawa, da sauƙi amma da saura. Zubairu ya ce a sa Inuwa ya yanko farantin ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi da noti a ƙasan but, daidai saitin ƙafafun baya. Inuwa ya ce sai Asabar. Zubairu ya ce to a ajiye motar sai Asabar, kuma shi zai gaya wa Alhaji halin da ake ciki. A nan Bappa ya riƙe masa hannu.

"Don Allah Baba, kada ka gaya masa. Ka san shi, da ya ji kalmar hatsari zai sa a kai ta bola. Hajiya ma kada ta ji. Kwana shida ne fa."

Zubairu ya kalli yaron, ya ga fuskar nan da ya saba gani a madubi tun tana leƙowa daga kujerar baya. Ya ce to. Wannan "to" ɗin ita ce abin da ya fi yawan tunawa daga baya.

Amma ya san Bappa ba zai iya kwana shida yana kallon mota a gareji ba. Ranar Talata sai ga saƙo daga ƙauye: ƙanensa ya aiko masa da buhu biyu na sabon gero, kamar yadda yake yi duk kaka. Zubairu ya san nauyin buhun gero a bayansa fiye da yadda sikeli ya sani. Gero kuma ba ya gungurawa kamar dutse, ba ya yoyo kamar yashi, kwanciya yake yi ya rungumi wuri. Bai ma shigar da su ɗaki ba. Ya kinkime su ya zuba a but ɗin jar motar, ya tura su can ciki har suka jingina da bayan kujera, bai bar su a bakin but ba inda za su riƙa lilo da wutsiyar. Ya ɗaure su da igiya, ɗaurin 'yan lodi wanda ƙara ja ƙara tamkewa. Da ya ja baya ya tsuguna, sai ya ga motar ta zauna a kan ƙafafunta huɗu.

Suka koma hanyar Hotoro. A kwanar nan dai Bappa ya shiga da gudun da ya fi na ranar Lahadi, motar ta bi kwalta ta fita lafiya lau. Ya yi ihu ya rungume Zubairu har hularsa ta faɗi.

Zubairu ya ce, "Ka ji sharaɗina. Muddin ƙarfen nan bai zo ba, ba ka fita da ita sai geron nan yana ciki. Ko abokanka sun yi maka dariya, ka bar su su yi."

"Wallahi Baba, ko tsaba ɗaya ba zan taɓa ba."

Kuma bai taɓa ba. Wannan Zubairu ya tabbata da shi.

Ranar Alhamis ya kai Alhaji Kaduna wajen wata kwangila, suka kwana. Juma'a suka yi salla a Zariya suka kamo hanya. An ɗan yi yayyafi a wajen Kwanar Dangora, irin na ƙarshen damina wanda ba ya wanke kwalta sai dai ya sa ta santsi. Ana kiran la'asar suka shigo gida. Ya sauke Alhaji, ya goge Marsandi, ya nufi baskwata. Yana ɗaga labule ya ga buhu biyu na shinkafar waje a jingine da bango, masu rubutun Turanci. Indo tana zaune a gefensu, bakinta ya ƙi rufuwa.

Ta ce, "Malam, sannu da hanya. Zo ka ga abin arziki. Hajiya ce ta aiko."

"Na mene ne?"

"Musanya ta yi mana. Ka san tun da aka tayar da motar nan ba ta da sukuni, in ta ji ƙararta sai ta shige ɗaki. Kuma ka san ba za ta iya ce wa Bappa komai ba. Jiya ta aika wa malaminta, ya ce a yi wa Bappa sadakar tsaba kafin a sauko daga Juma'a, gero buhu biyu, don Allah ya tsare shi. Aka duba sito kaf, gidan nan duk girmansa babu ko mudu ɗaya na gero. Direbobi duk sun fita, lokaci yana ƙurewa. Sai Tanko ya ce ai ya ga ka ajiye gero a but ɗin jar mota, ko wuri ne ba mu da shi. Ta aiko a tambaye ni, na ce haba, Hajiya da kanta, kuma don Bappa? A ɗauka mana. Tanko ya kai wa makafin ƙofar masallaci a amalanke. Ka ga har da..."

"Bappa ya sani?"

"Yana barci lokacin. Makullin na rataye a kicin. Hajiya ta ce kada a gaya masa, ka san ta da kunya."

Bai ji ya tsorata ba. Abin da ya ji shi ne kamar an zare masa wani abu daga ciki an bar fatar a tsaye. Ya juya ya tafi gareji da tafiyarsa ta kullum. Ƙofar a buɗe take, wurin jar motar babu komai sai ɗigon baƙin mai. A ƙasa ga igiyarsa, an yanke ta da wuƙa a wuri biyu, ƙullin yana nan yadda ya yi shi. Ya ɗauka ya sa a aljihu. Tanko ya taho yana ba shi haƙuri a kan igiyar, wai ya yi ya yi ta ƙi kwancewa. Ya tambaye shi ina Bappa. Tanko ya ce tun da aka sauko masallaci ya fita, ya ce abokansa suna jiransa a Bagauda.

Shekara ashirin da shida yana yi wa Alhaji tuƙi bai taɓa ɗaukar mota ba da izini ba. Ranar ya ɗauki Fijo ya fita. Ya bi titin Zariya, hanyar da ya shigo ta cikinta ɗazu, yana tuƙi daidai yadda ya saba, yana ba da hannu inda ake ba da hannu. Bayan ya saki babbar hanya ya kama wadda ke shiga Bagauda, a kwana ta biyu ya hango mutane tsaye a gefen gonar dawa, da kekuna a yashe.

A kan jiƙaƙƙiyar kwaltar ya karanta abin da ya faru tun kafin ya fito daga mota. Sawun tayoyin gaba ya shiga kwanar daidai. Na baya ne ya bar layi ya zana rabin da'ira. Motar ta juya ta tafi da baya, ta daki kukar da ke bakin gonar ta ɓangaren direba. Manoman wurin sun riga sun fito da Bappa sun shimfiɗe shi a inuwa, wani dattijo ya lulluɓe shi da rigarsa. Suka ce ko shurawa bai yi ba. Zubairu ya ɗaga rigar ya duba, ya gyara masa wuyan taguwa, ya mayar. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya ji muryar kamar ta wani ce a rediyo.

But ɗin ya ɓalle ya buɗe. Ya je ya leƙa. Batir yana nan inda suka ɗaure shi, safaya tana nan. A kusurwa akwai tsabar gero da ba ta fi cikin tafin hannu ba, wadda ta zube lokacin da Tanko yake jan buhunan. Ya sa hannu biyu ya danna murfin, ya ƙi kamawa, ya yi ta dannawa har wani ya riƙe shi ya ce, "Malam, bar shi haka."

Shi ya kawo Bappa gida a kujerar bayan Fijo, inda ya saba zama yana yaro. Aka yi masa sutura bayan magariba. 'Yan sanda suka ce gudu ne da santsi. Alhaji ya ce ajali ne, ya sa aka ja ragowar motar aka kai inda ba zai sake ganinta ba. Babu wanda ya tambayi Zubairu komai, sai gaisuwa ake yi masa kamar shi ne uban.

Asabar da hantsi, ana zaman makoki a ƙarƙashin rumfa, sai ga Inuwa makanike da amalanke. Bai ji labari ba, ya kawo farantin ƙarfen, an huda shi wuri huɗu an shafa masa jan fenti don ya dace da motar. Da ya ga tabarmi ya tsaya turus. Zubairu ya tashi ya tare shi a bakin ƙofa, suka sauke ƙarfen tare a bayan gareji kusa da sikelin. Inuwa ya buɗe baki zai yi tambaya, Zubairu ya ce masa, "Je ka yi wa Alhaji gaisuwa." Ƙarfen yana nan har ciyawa ta rufe shi.

Ranar sadakar uku Indo ta ce ba za ta iya cin shinkafar nan ita kaɗai ba, ta ba da buhu biyun aka haɗa a girkin baƙi. Aka kawo wa direbobi tasu a babban faranti. Zubairu ya wanke hannu ya zauna, ya ɗebo loma ya kai baki. Ya tauna ya tauna ta ƙi wucewa. Ya tashi ya zagaya baya ya zubar, ya kurkure baki. Daga ranar bai ƙara ba.

Kwana arba'in yana aikinsa. Yana wanke motoci, yana kai Alhaji ofis, yana amsa gaisuwa. Bai yi kuka ba, kuma bai ji yana son yi ba. Abinci ba shi da ɗanɗano, rana da inuwa duk ɗaya. Abu ɗaya ne yake juyawa a ransa: an ba shi amana, ya ga abin da zai kashe yaron da idonsa, ya auna shi a sikeli, sannan ya rufe bakinsa saboda yaron ya ce don Allah. Da ya faɗa wa Alhaji, ko da ya ce wa Indo kalma ɗaya, ko Tanko, da babu mai taɓa buhunan. Ya yanke shawara ranar arba'in zai je ya faɗa wa Hajiya duka, ta yi masa hukuncin da ta ga dama. Ya fi son a kore shi da wannan zaman da ake yi masa sannu.

Bai ma nema ba, ita ta aiko a kira shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa, igiyar tana aljihunsa. Wannan karon ta ɗage labulen. Ta rame har zobenta yana juyawa a yatsa. Mutane suna ta yabon haƙurinta, wai ko hawaye ba a gani ba, ɗan fari ne ai.

Ta ce, "Malam Zubairu, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki, ranki ya daɗe. Hajiya, akwai maganar da..."

"Tsaya in faɗi tawa, in na bari ba zan iya ba." Ta sunkuyar da kai. "Shekara ashirin da huɗu ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa ce masa zo ka zauna kusa da ni ba. Kai ka san dariyarsa, ni daga bayan taga nake jin ta. Tun da abin nan ya faru nake tambayar kaina, me na taɓa yi masa? Sai in tuna ranar. Ranar da zai tafi, da safe, na yi masa sadaka. Abu na ƙarshe da na yi masa ke nan, kuma ya riga shi zuwa can. Wallahi Malam Zubairu, ba don wannan ba da na haukace. Shi kaɗai nake riƙewa in samu in runtsa." Ta share ido da bakin mayafi. "Kuma geronka ne. Kai ma kana da lada a ciki. Na ce bari in yi maka godiya, ka riƙe amana har ƙarshe."

Ya kalli tabarmar da ke gabansa. Hannunsa yana cikin aljihu a kan ƙullin igiyar. Ya ga cewa maganar da ya zo da ita ba shi kaɗai za ta kama ba. Za ta bi ta kan Tanko, ta bi ta kan Indo da ta ce a ɗauka mana, ta zo ta tsaya a kan matar nan da abu ɗayan da ya rage mata.

Ta ce, "Ka ce kana da magana."

Ya ce, "A'a, ranki ya daɗe. Dama cewa zan yi Allah ya karɓa."

"Amin. To ina roƙonka abu ɗaya. Duk kaka, in an yi sabon gero, ka samo mini buhu biyu daga garinku, irin wancan. Ka kai wa makafin ƙofar masallaci da hannunka, da sunansa." Sannan a hankali ta ce, "Da sunan Bappa."

Ranar ce kaɗai ya taɓa jin sunan a bakinta.

Ya ci gaba da aiki a gidan har gashinsa ya yi fari fat. Kuɗin mai ya ja baya, motoci biyar suka koma biyu, ciyawar filin ta bushe aka shuka masara a wurin. Indo ta gaji da tambayarsa abin da shinkafa ta yi masa, ta koma tuƙa masa tuwo ko ranar salla. Direbobin gindin darbejiya suka canja, yara suka maye gurbin tsofaffi, su ma suka gaji tsokanar but ɗin daga wurin na gabansu.

Duk kaka kuwa, ranar Juma'ar farko bayan saƙo ya iso daga ƙauye, Hajiya takan tsaya a bayan taga tana kallo. Malam Zubairu yakan kinkimo buhu biyun shi kaɗai, ba ya yarda a taya shi. Daga gidan zuwa masallaci ba nisa, hanyar kuma miƙaƙƙiya ce, Marsandi ba ta bukatar komai a bayanta. Duk da haka sai ya tura su can ciki har su jingina da bayan kujera, daidai saitin ƙafafun baya, ya ɗaure su da igiya tamau. Sannan ya ja baya ya tsuguna ya kalli ƙafafun motar, ya rufe but ya tafi ya kai.